Ƙirjin Baba Mai Aski

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma Sake-Ji ta wanke ni tas a gaban kowa. Babbar likitar ɗakin maza ke nan, mu muka laƙaba mata sunan tun muna aji huɗu a makarantar likitanci, don ba ta da wata magana sai wannan. Ka ɗora abin sauraro a ƙirjin mutum, ka ɗago ka ce lafiya lau, ta dube ka ta saman tabarau: sake ji. Na sake, na kuma sakewa, ban ji komai ba sai bugun da ke cikin kaina. Ta ce, "Kai kunnen naka na ado ne?" Har majinyacin sai da ya yi dariya.

Jarrabawar ƙarshe ƙarshen watan nan. Hannu dai ina da shi, kowa ya sani, in jijiya ta gagari mutane wurin sa allura ni ake kira. Amma kunne... Idan aka haɗa ni da mai ciwon zuciya ran jarrabawa na shiga uku.

Yaya, wadda nake zaune a gidanta, ta ajiye min abinci, ko buɗewa ban yi ba.

Talata, 4 ga Maris

Na ji! Wallahi na ji da kunnena.

An maido wani mutum gadon bakin taga daga wani ɗaki. Mai aski ne, zai haura hamsin, siriri, ga gemu an gyara tsaf. Ƙwayoyin cuta ne suka kama ɗaya daga ƙofofin zuciyarsa, ƙofar ba ta rufuwa sosai, jini yana komawa baya. Ana ba shi magani ta jijiya kullum, kusan wata ɗaya da rabi za a yi, ya riga ya ci wajen sati biyu. Ina ɗora abin sauraro sai ga shi, shuuu, bayan kowane bugu, kamar taya tana sacewa. Ba sai na runtse ido na yi ta lalube ba. Tsigar jikina ta tashi.

Da gudu na kirawo abokina Dogo. Ya ji, ya dube ni, muka yi ta gyaɗa wa juna kai kamar ƙadangaru. Nan take na tura wa 'yan ajinmu saƙo a waya: gadon bakin taga, duk wanda bai zo ya ji ba ya yi wa kansa.

Na cinye abincin jiya da na yau. Yaya ta ce ko an ba ni sakamako ne.

Alhamis, 6 ga Maris

Layi har bakin ƙofa. 'Yan ajinmu, 'yan aji biyar, har wasu da ban san fuskarsu ba. Ni ke nuna musu inda za su ɗora: nan, ƙasa da nono kaɗan, ka juya shi hagu. Na zama malami ba a naɗa ni ba, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi min daɗi.

Mutumin ba shi da matsala. Da ya hango farar riga sai ya fara ɓalle maɓallansa tun kafin a ce masa.

Asabar, 8 ga Maris

Karatu ya ƙi shiga. Na tashi, na zauna, na wanke safa, na dawo. Shafi ɗaya tun azahar.

Litinin, 10 ga Maris

Wurin zagayen duba majinyata Sake-Ji ta tsaya a gadon bakin taga ta ce in gabatar da bayaninsa. Na zuba kamar famfo: zazzaɓi ya sauka, gwajin jini ya yi kyau, ƙarar tana nan daga bugun farko zuwa na biyu, tana tafiya har hammata. Ko numfashi ban ja ba. Ina jiran ta ce madalla.

Ta ce, "Me yake damunsa yau?"

Na sake jero mata gwajin jinin.

"Na ce me yake damun shi, ba me yake damun fayil ba."

To ni me zan ce? Mutum yana samun sauƙi, ga lambobi sun nuna. Ta gaishe shi, ya amsa ciki-ciki yana kallon taga, ta ɗan tsaya tana dubansa, aka kira ta a waya ta wuce. Matar nan ko zuciyar ka ciro ka ɗora mata a faranti sai ta ce sake ji.

Laraba, 12 ga Maris

Tirƙashi.

Dogo ya kawo wasu su ji, Baba mai aski ya rufe maɓallan rigarsa har wuya ya naɗe hannu. Ya ce babu wanda zai ƙara taɓa shi, kuma gida zai tafi ran Litinin. Ya riga ya aika wa 'yarsa ta zo ta ɗauke shi.

Da ƙyar ya kai rabin magani. Zazzaɓi ya tafi, shi ya sa yake ganin ya warke, amma ƙwayoyin suna nan maƙale a ƙofar. In ya bari yanzu za su dawo, su cinye ƙofar, ko wani ɓangare ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Ba wasa ba ne, mutuwa ce.

Haka kuwa na faɗa masa. Ina tsaye a kansa, hannu a aljihu, na zayyana masa komai tiryan-tiryan: shanyewar ɓarin jiki, kumburin ƙafa, numfashi ya gagara. Ban rage komai ba, kuma ban yi kuskure ko ɗaya ba, ko a jarrabawa aka ji ni sai an ba ni maki. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka gama, likita?" Na ce e. Ya juya ya ba ni baya.

Taurin kai! Ana neman ceton ranka kana juya wa mutane ƙeya.

Gaskiya kuma, abin da ya fara zuwa raina shi ne: in ya tafi, a ƙirjin wa zan ƙara koyo? Na rubuta ne don a nan babu mai gani.

Alhamis, 13 ga Maris

Sake-Ji ta yi masa magana da kanta, ya ce ya gode, amma Litinin dai. Da muka fito ta ce da ni, "Majinyacinka ne. Ka gano dalili." Kamar dalili a aljihuna yake.

A gida na kasa zama. Na fita tsakar gida, na koma ɗaki, na sake fita. Yaya tana guga ta ce, "Wai ƙaiƙayi ke damunka ne? Ka zauna ko ka fita, kana sa min jiri." Na ba ta labari sama-sama. Ta ce, "Ka tambaye shi?" Na ce na yi masa bayani. Ta ce, "Bayani na ce? Kai tun kana ƙarami haka kake, a tambaye ka ruwa ka kawo tarihin rijiya." Mijinta ya tuntsire da dariya. Na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na gamu da 'yarsa a baranda, ta fito wanke kwanuka. Sa'ata ce, ko ta ɗan girme ni. Na gaishe ta, na fara, wai ta taimaka ta lallashe shi. Ta ajiye kwanukan a kan dakali.

Ba zan iya kawo maganarta duka ba, amma ga abin da ya tsaya min. Ta ce mahaifinta ba mai shiru ba ne, a shagonsa sai ka roƙe shi ya bar magana ya gama maka aski. Tun da aka maido shi bakin taga ya daina. Ya ce mata a ɗakin da ya baro likita ɗaya ke zuwa, a nan kuwa kullum sabbin likitoci, wannan ya saurara ya kira wancan, wancan ya saurara ya zaro ido, su dubi juna, su gyaɗa kai, su yi ƙus-ƙus da Turanci su tafi. Ko ɗaya bai taɓa ce masa ga abin da ya ji ba.

"Ya ce in ciwo ya tara likitoci haka kuma kowa ya kasa faɗa, to an gama. Gara ya mutu a ɗakinsa." Sai ta ƙara da cewa, "Shekaranjiya kuma wani ya zo ya tabbatar masa, har da shanyewar ɓarin jiki."

Ba ta san ni ba ne.

Likitoci! Mu da ko takardar magani ba mu isa mu sa wa hannu ba. Farar riga ce kawai, kowa da tasa, ina zai bambance? Zaro idon da ya gani, murna ce muke yi. Ni na tara masa su, da saƙo ɗaya.

Na ce mata zan dawo. Na shiga banɗakin ma'aikata na daɗe ina wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

Asabar, 15 ga Maris

Na je, na kai bakin ƙofar ɗakin, na hango shi yana kallon taga, na juyo. Na zagaya asibitin har wurin ajiye motoci. Na dawo gida.

Me zan ce masa? Yadda ake sa allura an koya mana a hannun roba kafin a bar mu mu taɓa mutum. Wannan kuwa ba robar da za ka gwada a kanta.

Lahadi, 16 ga Maris

Yau ba zagaye, ɗakin shiru. Na cire farar rigar na rataye a hannu, na jawo kujera na zauna. Ban taɓa zama kusa da gadon nan ba, sai yau na lura daga nan ba abin da ake gani ta tagar sai bangon ɗakin wanki.

Na ce, "Baba, ina wuni." Ya amsa. Na ce ni ba likita ba ne tukuna, ɗalibi ne. Duk waɗanda suka yi ta zuwa ɗalibai ne, ni na kira su, don ƙarar zuciyarsa tana fita sosai, mai koyo yana saurin kamawa. Ba don ciwon ya fi na kowa muni ba.

Na ɗauka zai ji sanyi. Ina! Ya tashi zaune, idonsa ya kaɗa.

"Wato allo kuka samu."

Ya ɗora da cewa:

"Ina kwance ina sallama da 'ya'yana a zuci, ku kuna karatu. Ko mai koyon aski, ɗana, sai ya ce wa mutum ni mai koyo ne kafin ya ɗora masa reza."

Na ce haka ne, Baba, na yi laifi. Bakina ya so ya ci gaba, ya kawo dalilai, jarrabawa da sauransu, na danne shi. Ban san danne baki yana da wuya haka ba. Muka zauna, shi yana huci, ni ina kallon takalmina.

Can ya ce, "To me kuke ji ɗin?"

Na fara neman kalmomi, na ga zan koma gidan jiya. Sai kawai na goge abin sauraron na sa masa a kunne, na ɗora a ƙirjina. Na ce wannan tawa ce. Ya saurara. Ya ce, "Taka gudu take yi." Na ce tsoronka nake ji. Bai yi dariya ba, amma gemun ya motsa. Sannan na miƙa masa kan abin, na nuna masa wurin da yatsa a jikina, ya ɓalle maɓalli biyu da kansa ya ɗora.

Ya daɗe. Na ga lokacin da ya kama ta, girarsa ta ɗaga.

Na ce ƙofa ce ba ta rufuwa ruf, wannan shuu ɗin jini ne ke komawa. Ƙarar ba lallai ta tafi ba, akwai masu yawo da irinta shekara da shekaru suna sana'arsu, ana dai duba su. Abin da ke kisa ƙwayoyin da suka zauna a kan ƙofar ne, su kuwa maganin yana cin su, shi ya sa zazzaɓi ya sauka. Amma ba su ƙare ba.

Ya ce, "In na gama maganin zan tashi?"

Nan ne na so in ce ƙwarai, don ya zauna. Na ce yawanci suna tashi, kuma duk alamunsa na masu tashi ne, amma alkawari ba nawa ba ne. Wataƙila nan gaba ƙofar ta buƙaci aiki, wannan babbar likita ce za ta faɗa. In ya tafi gobe kuwa, ina jin tsoro ƙwarai.

Ya cire abin ya miƙo min. Ya rufe maɓallansa. Ya ce, "Na ji."

Shi ke nan. Na ji. Ko me ke nan? Tun da na dawo nake juya ta.

Litinin, 17 ga Maris

'Yarsa ta zo da sassafe, ta haɗa kaya, jaka tana kan gado an zuge. Ga kuma wata sabuwa: kanular da ke hannunsa, 'yar robar da ake ba da magani ta cikinta, ta toshe, wurin ya kumbura. Nas ta cire. Maganin safe yana kan tire yana jira. Sai an sa sabuwa, shi kuwa bai ce a sa ba, bai ce kar a sa ba. Jijiyoyinsa duk sun sha huda sun ɓuya.

Nas ta ce, "Ga gwanin nan, a ba shi."

Na zo da tire. Na ce, "Baba, ni ne ɗalibin jiya. In ka yarda zan sa maka, in kana son wani a kira wani." Ya dubi jakar, ya dubi 'yarsa. Ita ta sunkuyar da kai. Ya miƙo hannun dama kamar ba ya so.

Na ɗaure, na shafa, na sami wata siririya a bayan hannu. Irin wadda ko ido rufe nake samu. Na soka, ta fashe. Wurin ya tashi shuɗi nan take.

Ni! A gaban nas, a gaban 'yarsa, a ranar da bai kamata ba. Zufa ta keto min har cikin ido. Na danna auduga na ce, "Na kuskure, Baba. Yi haƙuri. Bari in kira wani." A raina na ce shi ke nan, na ƙarasa kora shi gida.

Ya ce, "Hannunka rawa yake."

Na ce e.

"A da ba ya yi."

Sai ya ce ranar da ya fara aski a shagon maigidansa ya yanki kunnen wani mutum, jini har kafaɗa, ya ajiye reza zai gudu, mutumin ya riƙo shi ya ce dawo ka ƙarasa, wa zai fita da rabin kai? Ya juyo da hannun hagu ya ɗora a kan gwiwata.

"Ja numfashi tukuna."

Na ja. Na bar gaggawa, na sa aka kawo ruwan ɗumi na ɗora masa, na sa ya saki hannun ƙasa, muna jira yana ba ni labarin mai kunnen, wai har ya rasu a wurinsa yake aski. Jijiya ta taso a gefen wuyan hannu. Na ce masa yanzu zan soka, zai ji zafi kaɗan. Ta shiga. Jini ya leƙo a robar, na tura, na manne. Nas ta haɗa magani.

'Yarsa ta ce, "Baba, jakar fa?" Ya ce ta bar ta nan tukuna, zai yi tunani.

Tukuna! Mutumin nan zai kashe ni kafin jarrabawa.

Talata, 18 ga Maris

Ko karyawa ban tsaya yi ba, Yaya tana kira ina tafiya. Ina shiga ɗakin na dubi bakin taga: gado wayam, an gyara shimfiɗa, babu jaka. Na tsaya riƙe da ƙarfen gadon kamar wani sakarai.

Sai na ji ƙarar inji daga baranda.

Yana can, kanula a hannun hagu an naɗe da bandeji, injin aski a dama, ya zaunar da tsohon gado na biyu a kujera ya yafa masa tawul. Baki kuwa kamar an kunna rediyo, har da yi wa tsohon tsiya wai kansa duk kwari da tudu. Ashe jakar tana cikin lokar gefen gado, injin kuwa 'yarsa ya sa ta kawo masa. Nas ta ce mutum biyu kawai ta yarda ya yi a rana, ya zauna ya huta.

Dogo ya tare ni a nan, wai 'yan aji biyar suna tambaya ko an buɗe gadon bakin taga. Na ce su je su gaishe shi su tambaye shi da bakinsu, in ya yarda mutum ɗaya, kuma ya faɗa masa abin da ya ji. Dogo ya ce, "Kai kuma yaushe ka zama Sake-Ji?" Ba wani zama. Hayaniya ce ba na so.

Baba ya hango ni ya ce, "Ɗalibi, zo nan. Da wannan kan za ka shiga jarrabawa? Bayan shi kai ne."

Na ce ina da bita yanzu, ta zuciya ce ma, wadda na fi buƙata. Ya ce to, ya ci gaba da aikinsa.

Na kai har matakala. Ban san me ya dawo da ni ba, wataƙila don kar ya ji ba daɗi ne kawai. Bitar dai ta wuce ni. Ya ce in sunkuyar da kai, na sunkuyar, na ji robar kanular tana gogar kunnena.